Bakin Kifi da Ganyen Tsiro: Nazari Kan Ɓarna a Akwatin Kifi Mai Shuka

Raya lambu a ƙarƙashin ruwa cikin akwatin gilashi ya bunƙasa a ƙasar Holan tun shekarun 1930, kafin Takashi Amano ɗan Japan, wanda ya rasu a 2015, ya ba shi sabon salo. Duk wanda ya duba akwatunan Amano zai ga yawancin kifayen ƙanana ne, tare da jatan landen nan mai cin gansakuka da ake kira da sunansa a yau. Ba don ado kaɗai ya zaɓe su ba. Kifin da zai zauna lafiya da tsiro tun wurin saye ake tantance shi, kuma galibin kukan da masu akwati ke yi na cewa an cinye musu shuka daga nan ya faro.

Kafin a ɗora wa kifi laifi, sai a duba ganyen, domin kowace ɓarna da irin tabonta. Ƙananan huji kamar na allura a tsofaffin ganye, masu rawaya a gefe, alamar ƙarancin sinadarin fotashiyam ce. Sabon toho da ya fito fari fat yana nuna ƙarancin sinadarin ƙarfe. Tsiron Cryptocoryne kuwa yakan narke bayan an dasa shi a sabon ruwa, sannan ya sake tohowa daga saiwa. Sau da yawa kifin da aka gani yana tsattsagar irin wannan ganye ya tarar da shi ne ya riga ya ruɓe.

Idan an gutsire ganye mai lafiya daga gefe, ko an bar kara tsirara, to maciya ganye ne. Kifin Metynnis na Kudancin Amurka, mai faɗi da sheƙi kamar kwabon azurfa, dangin firanha ne, amma haƙoransa ganye suke yanka. Kifin zinariya, wanda Sinawa suka fara kiwo fiye da shekara 1,000 da suka wuce, ba shi da tumbi na sosai, shi ya sa yake wuni yana kiwo, yana niƙa abin da ya samu da haƙoran maƙogwaro. Akwai ma wata karfasa mai jan ciki, Coptodon zillii, da ake samu a Kogin Kwara da Tafkin Chadi, wadda aka kai Kalifoniya a shekarun 1970 don ta cinye ciyawar da ke toshe hanyoyin ban ruwa. Kifin da hukuma ta ɗauka aikin share ciyawa, ai wanda ya saka shi cikin shukarsa ya kai akuya lambu ne da hannunsa.

Na biyu su ne masu tono, waɗanda ba ruwansu da ganyen. Kifin Geophagus yana cika baki da yashi, ya tace abin ci, ya fesar da sauran ta kunnuwansa, wasu dangin karfasa kuma suna haƙa rami lokacin ƙwai. Da safe sai a tarar da tsiro yana yawo a saman ruwa da saiwarsa, ganye ko ɗaya bai taɓu ba. Maganin wannan mai sauƙi ne: a dasa cikin ƙaramar tukunya, ko a kewaye gindin da duwatsu masu nauyi. Na uku shi ne fileko, ɗan tarwaɗar nan mai bakin tsotsa, wanda ke kankare gansakuka da dare. Idan ya hau faffaɗan ganyen Echinodorus yakan kankare har tsokar ganyen, ya bar jijiyoyi kamar raga.

Shawarar da aka fi yaɗawa ita ce a ƙara wa kifi abinci. Gaskiya ne alayyafo ko kokwamba da aka ɗan tsoma a tafasasshen ruwa suna rage wa fileko kwaɗayin ganye, muddin an cire saura kafin ya ruɓe. Amma a ganina an zuzuta wannan dabara fiye da kima. Hali zanen dutse ne, kifin zinariya ko ya ƙoshi ba zai daina tsattsaga ba, kuma rarar abinci tana gurɓata ruwa, gansakuka ta lulluɓe ganyen da ake son cetowa.

Abin da ya fi aiki shi ne zaɓen tsiron da bakin kifi ba ya so, kuma a nan Afirka ta Yamma ta yi wa masu wannan sha'awa rana. Tsiron Anubias barteri ya samo sunansa daga Charles Barter, masanin tsirrai da ya bi wata tawaga zuwa Kogin Kwara, ya rasu a Rabba a 1859. Tsiron dangin gwaza ne, ganyensa kauri gare shi kamar fata, yana kuma ɗauke da irin sinadarin nan da ke sa ɗanyen gwaza ƙaiƙayi a maƙogwaro. Ba a binne kwantaccen karansa, ruɓewa yake yi. Ana ɗaure shi da zare a jikin dutse ko itace har saiwarsa ta kama, don haka mai tono ma bai samu abin tumɓukewa ba. Haka ake yi da Bolbitis heudelotii na rafukan Afirka da kuma Microsorum na kudu maso gabashin Asiya. Aibinsu jinkirin girma: idan aka yaga ganye guda, sai an yi makonni kafin wani ya maye gurbinsa.

Wasu na bin akasin haka, su zuba tsiro mai saurin yaɗuwa irin su Lemna a saman ruwa, kifin zinariya ya shagala da shi, na ƙasa su sami sararin tohowa. Da garken Metynnis kam, ko Anubias ba ya tsira kullum, domin sukan bi sabon toho tun yana da laushi. Mai son su da kuma lambu, akwati biyu zai tanada.