Haɗa Faifan Mikisa da na Cikin Taro Aikin Kunne Ne

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya game da sababbin shiga wannan sana'a tamu shi ne yadda suka mai da haɗa faifan mikisa da na cikin taro aikin minti biyar. A ɗora ɗaya bisa ɗaya a kwamfuta, a daidaita bugun ganga na farko, a sake shi a intanet. Sun manta cewa sauti tafiya yake yi, kimanin mita 343 a sakan guda, don haka makirufon da ke mita 34 daga lasifika yana jin kiɗa bayan mikisa da kashi ɗaya cikin goma na sakan. Wannan mai sauƙin gyara ne. Wahalar tana inda rikoda biyu ba sa juya kaset da gudu ɗaya, batir ya yi sanyi a tsakiyar wasa, mai ɗauka ya juya kaset bayan minti 45 ya bar giɓi. Faifan da ya zauna daidai a waƙar farko sai ka ji ya goce a ta huɗu, ganga tana amsa kanta, murya ta koma kamar daga cikin rijiya. Magabatanmu waƙa-waƙa suke bi, suna miƙa wannan, suna rage wancan, har bugu biyu su zama ɗaya.

A wajen Dan Healy, injiniyan sautin ƙungiyar Grateful Dead ta Amurka, muka gaji wannan natsuwa. A zamaninsa ne, cikin Oktoban 1984 a Berkeley, aka ware wa masu ɗauka wurinsu a bayan mikisa, aka daina ɓoye rikoda a cikin riga. A ƙarshen shekarun 1980 kuwa shi da kansa yake kafa makirufo kusa da inda yake tsaye, yana zuba sautin zauren cikin na mikisa ana tsakar wasa, ba damar komawa baya a gyara. Wannan haɗi na nan take ya kusan ɓacewa, tunda yanzu kowa sai ya koma gida yake yi.

Na san masu cewa haɗin gurɓata tarihi ne, faifan mikisa shi ne tsantsa. Ban yarda ba. Injiniya zaure yake wa haɗi, ba kaset ba. Jitar da ta riga ta cika wuri daga kan dandamali rage ta yake yi, murya kuma ya ɗaga ta, shi ya sa faifan mikisa kan fito a bushe, murya a gaba, jama'a can nesa, abin da ba wanda ya ji a daren. Masu sukar za su kawo mini faifan wasan Grateful Dead na Cornell na 8 ga Mayu 1977, wanda Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa cikin kundin sautukan da ƙasa ke adanawa. Ai Betty Cantor-Jackson ce ta ɗauke shi, ita kuwa nata haɗin daban take yi domin kaset kaɗai, da abin sauraro a kunne. Kaset-kaset ɗinta ma sai da aka yi gwanjon ɗakin ajiyarta a 1986 suka shiga hannun jama'a. Yawancin wasanni ba su sami irin Betty ba.

Inda masu sukar ke da gaskiya shi ne haɗi ra'ayin mutum ne: wani ya fi son zaure, wani ya fi son mikisa. Maganin wannan shi ne a faɗi asali. Duk wanda zai saki faifan haɗi ya rubuta wa ya ɗauki na taro, da wane makirufo, daga ina na mikisa ya fito, da inda aka cike giɓi, sannan ya bar faya-fayan biyu na asali inda kowa zai same su.