Hannu ko Baki: Tarihin Ra'ayoyin Masu Sauraron Makaɗan Tsirkiya a Baturiya da Ƙasar Haɗeja

3.1 Shimfiɗa

A wannan sashe za a dubi yadda masu sauraro a Baturiya da sauran garuruwan fadamar kogin Haɗeja suka riƙa auna makaɗan tsirkiya, wato masu gurmi da kuntigi da kukuma, da kuma masu jita da suka shigo daga baya. Ba tarihin rayuwar makaɗan ne abin nufi ba. Abin da ake son ganowa shi ne ma'aunin da jama'a suke amfani da shi idan suka ce wane ya fi wane, da dalilin da ya sa ma'aunin ya sauya daga wajejen 1960 zuwa yau. Ra'ayoyin da za a kawo sun fito ne daga hirarrakin da mai nazari ya yi da dattawa masunta da manoma da direbobi, da kuma samari na wannan yanki.

3.2 Zamanin Dandali

Baturiya tana cikin ƙaramar hukumar Kiri-Kasamma a Jihar Jigawa, a tsakiyar fadamar nan da ta miƙe daga Haɗeja har zuwa Nguru. Ruwa shi ne yake tsara shekarar mutanen wannan wuri. Idan kogi ya yi ambaliya da damina sai a sami shinkafa, idan ya fara janyewa sai a sami kifi, kuma a wannan lokaci na kaka ne kuɗi yake shiga hannun talaka. Saboda haka a lokacin ne ake ɗaura aure, a shirya kokawa, a kuma gayyato makaɗa. Mai gurmi yana da muhimmin matsayi a irin wannan taro, domin tun asali gurmi yana daga cikin kayan da ake yi wa 'yan kokawa kiɗa da su.

Mutumin da ya san kiɗa a dandali, da idonsa yake saurare kamar yadda yake yi da kunnensa. Dattawan da aka zanta da su sun fi nanata kalmar "hannu". A wajensu makaɗin kirki shi ne wanda yatsunsa suke da sauri amma ba sa haɗiye sauti, wanda zai iya yin shiru da bakinsa ya bar tsirkiya ta ƙarasa maganar da ya fara, mai sauraro kuma ya gane abin da ta ce. Wannan ba abin mamaki ba ne idan aka tuna cewa Hausa harshe ne mai karin sauti, don haka tsirkiya tana iya bin hawa da saukar kalma har a fahimci kirarin da take yi. Haka kuma suna duban yadda makaɗi zai yi idan tsirkiya ta saki saboda raɓar dare, ko kuwa ta tsinke ana tsakiyar wasa. Wanda ya ɗaure ta yana ci gaba da waƙa, bai bari fili ya yi sanyi ba, shi ne gwani. Daɗin daɗawa, akwai iya karanta taro: ganin shigowar wani babban masunci ko fitaccen ɗan kokawa, a juya kiɗa nan take a ambace shi da iyayensa, har ya taso ya yi liƙi.

A kan wannan ma'auni ne mutanen ƙasar Haɗeja suka ɗora marigayi Alhaji Haruna Uji a sama da kowa. Ba shakka akwai son gida a cikin wannan hukunci, tun da ɗan Haɗeja ne, kuma waƙarsa ta Jummai ta kai sunan garin wuraren da ba a san shi ba. To amma ba son gida kaɗai ba ne. Masoyansa suna kafa hujja da cewa ya ɗauki ƙoƙo da sanda da tsirkiya, kayan da ake gani na ƙauye ne, ya shigar da su fagen waƙar soyayya, ya kuma sa 'yan birni suka saurara.

3.3 Rediyo da Kaset

Kafuwar gidan rediyon Kaduna a 1962 ta kawo wa mutumin Baturiya makaɗan da bai taɓa gani ba, watakila ma ba zai taɓa gani ba har ya mutu. Bayan wannan sai kaset ya biyo, musamman daga tsakiyar shekarun 1970, lokacin da kuɗin Udoji suka sa ma'aikata sayen rikoda, 'yan ci-rani kuma suka riƙa dawowa gida da ita. Daga nan musu ya koma rumfar mai shayi da tashar mota, kuma ya ɗauki sabon salo, domin wanda yake sauraren kaset ba ya ganin yatsa. Abin da yake kamawa shi ne magana, yana iya mayar da ita baya sau goma har ya haddace.

A nan ne masoyan Ɗanmaraya Jos suka sami bakin magana. Kuntiginsa tsirkiya ɗaya gare shi, jikinsa kuwa gwangwanin kifi ne da aka rufe da fata, kuma shi kaɗai yake waƙa ba 'yan amshi. Masu goyon bayansa, waɗanda direbobi da yaran mota suke da yawa a cikinsu saboda waƙar Karen Mota, suna cewa shi malami ne mai wa'azi da kiɗa, yana magana a kan auren dole da gulma da wahalar talaka. Masoyan Uji kuwa sai su mayar da martani cewa tsirkiya ɗaya ba ta da wurin da hannu zai yi yawo, don haka a yaba bakin Ɗanmaraya amma a bar maganar hannu. A ra'ayin mai nazari wannan martani bai yi wa Ɗanmaraya adalci ba, domin fitar da sautuka masu yawa daga tsirkiya guda shi kansa gwaninta ce. Sai dai martanin ya nuna cewa ɓangarorin biyu ba abu ɗaya suke aunawa ba, shi ya sa musun bai taɓa ƙarewa ba.

Masu kukuma irin su Garba Supa da Hassan Wayam da Ahmadu Doka suna da nasu jama'a, galibi mata da masu sha'awar rawa a gidan biki. Shi kuwa Mamman Shata ba a cika sa shi cikin wannan musu ba, tun da kalangu ake kaɗa masa, ba tsirkiya ba.

Akwai wani sakamako na zamanin kaset da ya shafi fagen nazari kai tsaye. Ɗalibai da yawa da kaset suka yi aiki: a juyi waƙa a takarda, a fitar da jigo da salo da zubi. Wannan hanya ta amfani adabi ƙwarai, amma ta bi ma'aunin mai sauraren kaset ne, wato baki, ta bar hannu a baya. Littafin Ames da King na 1971 ya bayyana kayan kiɗan Hausa da muhallin da ake kaɗa su, sai dai kalmomin da talaka yake yabon hannu da su sun fi zama a bakin dattawa fiye da a takarda, dattawan kuwa ƙarewa suke yi.

3.4 Raguwar Wasa da Shigowar Jita

Abubuwa da dama suka taru suka rage wasan dandali. Madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa a 1992 sun rage ambaliyar da fadama ta dogara da ita, ciyawar kachala kuma ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. Masuncin da kamunsa ya ragu ba zai yi liƙi kamar da ba, makaɗi kuwa inda ake kyauta yake zuwa. Bayan ƙaddamar da Shari'a a Jigawa a 2000, wasannin dare masu haɗa maza da mata sun ƙara ja baya. A daidai wannan lokaci waƙoƙin finafinan Kano, waɗanda ake haɗawa da fiyano a ɗakin ɗaukar sauti, suka mamaye gidajen biki. Mai biki ya gane cewa hayar lasifika ta fi masa sauƙi a kan ɗauko makaɗi da jama'arsa, ya ciyar da su, ya sallame su. Shata ya rasu a 1999, Ɗanmaraya a 2015.

Ita jita ba ta taɓa kafuwa sosai a karkarar Haɗeja ba. Ƙungiyar Bala Miller ta Kaduna ta yi waƙoƙin Hausa da jita da ƙahonin Turawa a shekarun 1970 da 1980, amma dattawan Baturiya sun ɗauke ta kiɗan 'yan boko da otal-otal. Jitar da ta shiga kunnen wasu samari ta arewa ta biyo, daga Buzayen Nijar da Mali, ta hanyar wayar salula. Alal misali, Mdou Moctar a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko a 2008, kuma ta katin waya waƙoƙinsa suka yaɗu kafin Turai da Amurka su san shi. Abin lura a nan shi ne, samarin da suke son wannan kiɗa ba sa jin Buzanci. Da mai nazari ya tambaye su abin da yake burge su, sai suka nuna masa bidiyo a waya, suna tsayar da shi daidai inda yatsun makaɗin suke gudu a kan tsirkiya. Biyu daga cikinsu jikokin masuntan da suka ga Haruna Uji ido da ido ne, amma ba wanda ya taɓa riƙe gurmi a cikinsu.