Tutar Modibbo Adama: Tarihinta da Ma'anarta

Sunan Jihar Adamawa ya samo asali ne daga Modibbo Adama ɗan Arɗo Hassana, malamin da ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Mun tanadi wannan bayani domin al'ummar karkara, hakimai, dagatai da ma'aikatan ƙananan hukumomi su san asalin wannan tuta, da abin da take nufi, da matsayinta a yau.

Yadda aka karɓo tutar

Bayan hijirar Shehu zuwa Gudu a shekarar 1804, malamai da shugabannin jama'a daga sassa daban-daban sun riƙa zuwa yi masa mubaya'a. Wanda aka amince da iliminsa da halinsa sai a damƙa masa tuta, ya koma ƙasarsa a matsayin wakili. Ta haka Malam Musa ya samu ta Zazzau, Ummarun Dallaje ta Katsina, Malam Yakubu ta Bauchi, Buba Yero kuma ta Gombe.

Modibbo Adama ya yi karatu a ƙasar Borno kafin ya dawo cikin danginsa a yankin kogin Binuwai. A shekarar 1809 aka ba shi tuta tare da shugabancin ƙasashen kudu, waɗanda ake kira Fombina da harshen Fulatanci. Daga nan ne sarautar Lamiɗo Fombina ta faro. Ya fara zama a Gurin, kusa da kogin Faro, sannan ya koma Ribaɗu, daga bisani ya kafa Yola a shekarar 1841. Ya rasu a 1847, 'ya'yansa Lawal, Sanda da Zubairu suka gaje shi ɗaya bayan ɗaya.

Abin da tutar take nufi

A wancan zamani tuta tana matsayin takardar naɗi. Duk wanda ya gan ta ya san mai ita ba gaban kansa yake yi ba, da izinin Sarkin Musulmi ya fito. Saboda haka tana ɗauke da ma'ana uku.

Ta farko ita ce izini: ikon tara jama'a, naɗa alƙalai da limamai, da gudanar da mulki. Ta biyu ita ce biyayya: mai tuta yana aika gaisuwa Sakkwato, kuma idan Lamiɗo ya rasu, sai Sakkwato ta tabbatar da wanda zai gaje shi. Ta uku ita ce amana: an ba da tutar ne bisa sharaɗin yin adalci da bin shari'a, kuma wanda ya ba da ita yana da ikon tambayar yadda aka riƙe ta.

Shi ma Modibbo Adama ya riƙa ba arɗo-arɗo tutoci a madadin Shehu. Ta wannan hanya aka kafa ƙananan masarautu fiye da 40 a ƙarƙashin Yola, cikinsu har da Garwa, Marwa, Ngaundare, Banyo, Tibati da Rai Buba. Domin a gane nauyin al'amarin, ya isa a tuna cewa lokacin da shugaban Tibati ya so fita daga ƙarƙashin Yola, tutar kansa ya nema kai tsaye daga Sakkwato. Inda mutum ya karɓo tuta, can ne biyayyarsa take.

Zuwan Turawa da rabuwar ƙasar

Yarjejeniyar da Ingila da Jamus suka ƙulla a 1893 ta raba Fombina biyu: birnin Yola ya faɗa ɓangaren Ingila, mafi yawan ƙananan masarautun kuwa suka faɗa ɓangaren Jamus. A watan Satumba na 1901 sojojin Ingila suka ci Yola, Lamiɗo Zubairu ya fita bai miƙa wuya ba, har aka kashe shi a 1903. Tun daga lokacin, tutar Ingila ce ta zama alamar hukuma, sarautar Lamiɗo ta shiga tsarin mulkin En'e.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, Faransa da Ingila suka raba ƙasar da Jamus ta riƙe. A ƙuri'ar raba gardama ta 1961, Arewacin Kamaru da ke hannun Ingila ya zaɓi haɗewa da Nijeriya, aka kira shi Lardin Sardauna. An kafa Jihar Arewa maso Gabas a 1967, Jihar Gongola a 1976, sannan Jihar Adamawa ranar 27 ga Agusta, 1991. A Jamhuriyar Kamaru ma akwai yanki mai suna Adamawa, wanda hedikwatarsa take Ngaundare.

Matsayin tutar a yau

Ya kamata a bambanta abu biyu. Tutar Modibbo Adama gado ne na masarauta da tarihi, ba tutar gwamnatin jiha ba ce. Jiharmu tana da ƙananan hukumomi 21 da al'ummu masu yawa, kamar Bachama, Bata, Chamba, Kilba, Margi, Mbula da Lunguda, kowace da tarihinta da sarautarta. Tutar da ta haɗa mu duka ita ce ta Nijeriya mai launin kore, fari, kore, wadda Michael Taiwo Akinkunmi ya zana a 1959, aka fara ɗaga ta ranar 1 ga Oktoba, 1960. Kore yana nuni da noma da albarkar ƙasa, fari kuma zaman lafiya.

Don haka muna tunatar da shugabannin ƙananan hukumomi, hedimastoci da masu kula da asibitocin karkara cewa tutar ƙasa ce ake kafawa a sakatariya, makaranta, kotu da asibiti, kuma dokar ƙasa ta hana ɗaga wadda ta yage ko ta lalace. Haka kuma muna kira ga gidajen sarauta da iyalan da ke riƙe da tsofaffin tutoci, takubba ko wasiƙu da su kare su daga laima da gara, su kuma rubuta tarihinsu daga bakin dattawa tun suna raye.

Duk wanda aka damƙa wa kujera ko hatimin ofis, wakilci aka ba shi kamar yadda aka ba magabata tuta, kuma za a tambaye shi yadda ya riƙe jama'a. Allah Ya ba mu ikon sauke amana.