Eilean Mòr: tsibirin tsuntsaye da fitilarsa

Yamma da tsibirin Lewis na ƙasar Sikotland, da tazarar kimanin kilomita 32, akwai wasu ƙananan tsibirai guda bakwai da ake kira Flannan. Mafi girmansu shi ne Eilean Mòr, dutse mai tudu wanda babu itace a kansa, sai ciyawa da kufan wani ɗan ɗakin ibada na duwatsu. Ainihin mazaunansa tsuntsayen teku ne: pafin mai jan baki da ke haƙa rami ya yi ƙwai a ciki, da wasu ƙananan baƙaƙen tsuntsaye waɗanda ba su sauka ƙasa sai dare ya yi.

A littafinsa na 1703, Martin Martin ya bayyana yadda mutanen Lewis ke zuwa wurin sau ɗaya a shekara don kama tsuntsaye da ɗibar ƙwai da gashi. Suna zuwa ne kamar baƙi a gidan wani. Da zarar sun hau tudu sai su tuɓe huluna su gode wa Allah. Ba a jifar tsuntsu da dutse, ba a kashe shi bayan addu'ar maraice, ko sunan tsibirin ba a ambata.

Da zirga-zirgar jiragen ruwa ta ƙaru, hukuma ta gina hasumiyar fitila mai tsawon mita 23, aka kunna ta a Disamban 1899. Shekara guda kacal bayan haka, ranar 26 ga Disamban 1900, jirgin Hesperus ya iso ya tarar da fitila a mace, agogo a tsaye, gadaje babu kowa. Masu gadi uku, James Ducat da Thomas Marshall da Donald McArthur, sun ɓace, ba a kuma sake ganin ko gawarsu ba. A mashigar yamma an iske ƙarafa sun lanƙwashe, akwatin kayan aiki da ke sama da mita 30 daga ruwa ya farfashe. Mai binciken hukuma, Robert Muirhead, ya yanke cewa wata babbar igiyar ruwa ce ta share su yayin da suke ƙoƙarin tsare kayan.

An kawo wasu masu gadi suka ci gaba da aikin har 1971, lokacin da aka mayar da fitilar mai kunna kanta. Ke nan zaman masu gadi a wannan dutse bai wuce shekaru 72 ba. Fitilar na nan tana haska jiragen da ke ratsa Atalantika, tsuntsaye kuwa kowace bazara suna komowa ramukansu a gindinta.