Daga Hurricane Zuwa Jirgin Kara

Tun daga 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen yaƙin Ingila samfurin Hurricane suka riƙa yada zango a Kano. A Takoradi ake harhaɗa su, su biyo ta Legas, Kano da Maiduguri, su nufi Masar.

Bayan yaƙin, a Ingila, kamfanin Airfix ya fito da ɗan ƙaramin jirgin wasa na roba mai siffar jirgin yaƙin Spitfire, kowane inci guda a madadin inci 72 na ainihin jirgin.

Yaran garin Kafin Hausa kuwa ba su jira jirgin wasa na kanti ba. Da kaka sukan fere karan dawa, su tsaga ɓawon siri-siri, su soka cikin totuwa, sai ga fiffike, ga farfela. Ido ne ma'auninsu. Wannan fasaha ta cancanci a adana ta.