Duba-gari a ƙasar Kankiya da Kusada

A zamanin En'e ba ma'aikacin da matan aure ke shakka kamar duba-gari. Kakata, mutuniyar Kusada, ta ce da yara sun hango shi da kakinsa, mai unguwa na biye, sai gida ya ruɗe: wannan ta rarumi tsintsiya, waccan ta tuntsurar da ruwan randa. Randar yake fara nufa. Ya sa moɗa ya ɗebo, ya karkata ta wajen haske, ya zura ido. In ya ga tsutsar sauro ko ɗaya tana wutsil-wutsil, maigida ya shirya zuwa gaban alƙali biyan tara. Daga nan ya leƙa masai ya ga ko da murfi, ya bi makwarara har inda ta zube a waje. Ranar kasuwa kuwa mahauta ne ke zufa, don naman da ya ce a binne, binne shi za a yi.

Turawa ne suka kawo aikin, kuma tsoron zazzaɓi da shawara da ke kashe su ne ya fara tunzura su. Sun kafa dokar lafiyar jama'a a 1917, aka buɗe makarantar koyon tsafta a Kano a 1932. Amma a karkara sarauta ce ta ba duba-gari ƙarfi: hakimi da dagaci da mai unguwa suna bayansa. An samu masu karɓar na goro su kau da kai, wannan ba a musu. Duk da haka rijiya da randa sun amfana.

Da gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya shafe En'e, sai aikin ya rasa majingina. Gwamnatin Buhari da Idiagbon ta ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a a 1984, daga baya aka ware Asabar ɗin ƙarshen wata don shara. Jihar Katsina, da aka ƙirƙira a 1987, ta kafa tata hukumar kare muhalli, SEPA.

A ganina sharar wata-wata ba ta taɓa maye gurbin mutumin da ke shiga gida-gida ba. Kwalara ba ta jiran ƙarshen wata. Ga kuma leda, wadda duba-garin wancan zamani bai san ta ba. Ita ke toshe kwatoci da damina, awaki su haɗiye ta su kumbura su mutu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ma'aikatan na nan. Tun 2002 Najeriya ke da majalisar da ke yi musu rajista, kuma makarantar koyon aikin lafiya da ke nan Kankiya tana yaye su. Na san yaran unguwarmu da suka gama, takarda a hannu, suna sayar da katin waya a bakin titin Katsina zuwa Kano, kwatar da ke gabansu cike da leda. A ɗauke su aiki, a haɗa kowannensu da mai unguwa, a kuma sa mata da yawa a ciki, tunda su ke iya shiga har ɗakin matan kulle.