Karatun dare ɗaya da jarrabawar ilimin halayyar ɗan Adam

Ɗan yayata, wanda ke shekarar farko a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ya kira ni daga can wani dare yana cikin damuwa. "Kawu, saura kwana goma jarrabawar ilimin halayyar ɗan Adam, sunaye da shekaru sun yi mini yawa. Zan bari sai kwana biyun ƙarshe in haɗiye su gaba ɗaya." Na yi dariya, domin haka ni ma na yi lokacin da nake makarantar horar da malamai. Na ci jarrabawar, amma da aka turo ni aji a karkarar Madawa, ban tuna komai daga cikin abin da na haddace ba. Sai na ce masa ya buɗe littafinsa, amsar matsalarsa tana cikin tarihin darasin da yake gudu.

Ana ƙirga farkon wannan fanni daga 1879, shekarar da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaji a Leipzig ta ƙasar Jamus. Kafin nan zancen hankali da tunani yana hannun masana falsafa da malaman addini. Bayan shekara shida, a 1885, wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya fitar da littafi a kan hadda da mantuwa. Kansa ya yi wa gwaji: ya haɗa gaɓoɓi marasa ma'ana, yana haddace su jeri-jeri, yana auna abin da ya saura. Ya tarar cewa mantuwa ta fi gudu a farko. Bayan awa ɗaya fiye da rabin wahalarsa ya tafi, bayan yini ɗaya kusan kashi biyu cikin uku, daga nan sai ta rage sauri. Ya kuma gano cewa maimaici 38 da aka raba cikin kwana uku ya yi aikin maimaici 68 da aka yi a zama ɗaya.

Duk wanda ya yi makarantar allo a Madawa, Buza ko Keita ya san wannan tun kafin ya ji sunan Ebbinghaus. Malam ba ya barin yaro ya wanke allo sai ya kawo karatun da ka, kuma bayan an wanke akwai tilawa, da asuba da dare, ana komawa kan na baya don kada ya zube. A 2006 masu bincike biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, sun nuna cewa ɗaliban da suka rufe takarda suka gwada tuno abin da suka karanta sun fi riƙe shi bayan mako guda, a kan waɗanda suka yi ta sake karantawa. Wannan shi ne kawo hadda gaban malam.

Akwai wani suna da nake so iyaye su sani, wato Alfred Binet. A 1904 ma'aikatar ilimi ta Faransa ta nemi hanyar gane yaran da karatu ke yi wa wuya, sai Binet da Théodore Simon suka fitar da ma'auninsu a 1905. Nufin Binet a taimaki yaron, kuma ya yi gargaɗi kada a ɗauki sakamakon a matsayin hukuncin da ba ya canjawa. Daga baya wasu suka mayar da shi abin jera mutane, wannan mai kai, wancan daƙiƙi. A ɗakin aikin Simon ne kuma Jean Piaget, wajen 1920, ya lura cewa kuskuren yara yana da tsari, yara masu shekaru ɗaya suna yin kuskure iri ɗaya. Daga nan ya gina bayaninsa na matakan girman tunani da ake tambayar kowane ɗalibin malanta.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Yaron da ya tashi da Hausa ko Tamajak, aka yi masa tambaya da Faransanci a shekararsa ta farko a lakwal, idan ya yi shiru harshen ne ya tare shi, hankalinsa lafiya lau. Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa a 1929, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa tun 1992, ya kare koyarwa da harsunan gida a littafinsa na 1964 a kan ilimi a Afirka. A 1973 Nijar ta fara makarantun gwaji masu koyarwa da harshen uwa, ta farkon a Damagaram da Hausa. Na sha ganin yaron da aka yanke wa ƙauna ya warware lissafi nan take da zarar na juya tambayar zuwa albasa da kuɗin kasuwa.

Shawarar da na ba ɗan yayata ke nan, ita nake ba malamai da iyaye. A raba karatu kwana-kwana, awa ɗaya kullum. Bayan kowane babi a rufe littafi a faɗi abin da ke ciki da baki, ko a bayyana wa aboki da Hausa, domin abin da mutum ya kasa faɗa da harshensa bai gane shi ba tukuna. Kowane suna a ɗaura shi da tambayar da mai sunan ya so amsawa da misali ɗaya daga gida. A kuma yi barci a daren jarrabawa, saboda a cikin barci ƙwaƙwalwa ke daidaita abin da aka koya.

Ya ce, "To Kawu, yau zan fara da Ebbinghaus." Na ce masa jibi zan kira, ya kawo mini shi da ka.